Kwanon da Aka Ɗaura wa Jan Zare

Na sha jin ku kuna ba juna labarin kakanku Baffa, kuma kullum a wuri ɗaya kuke tsayawa, wai shi ne mutumin da ya ware wa ɗan cikinsa kwano har shekara biyar saboda farfaɗiya. Ban san wanda ya fara ba ku rabin labarin nan ba, ko da yake ina zargin ƙanwata, goggonku Dije, wadda ba ta taɓa ɗauko zance ta kai shi gida ba. Kwanon gaskiya ne, yana nan cikin akwatina har yau da zarensa. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da babbar yayarku Hadiza ta yi mini da ta zo hutu daga asibitin da take aiki. Ta ce yanzu likitoci kan buɗe ƙoƙon kan mai irin ciwona, su shimfiɗa siraran wayoyi a kan ƙwaƙwalwarsa, su kwantar da shi kwana da kwanaki suna jiran ciwon ya zo, don su ga inda yake tasowa da yadda mutum yake dawowa hayyacinsa. Ta ce da akwai wannan a zamanina, da ban sha wuyar jahilcin mutanen da ba. Na ƙyale ta a lokacin don tana cin abinci, amma kalmar jahilcin nan ta tsaya mini a rai, kuma ga amsata.

Ni ne ɗan fari a wurin Baffa da Inna, kuma ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A gidanmu da ke gefen Gwiwa, inda muke rabi kiwo rabi noma, iyaye ba sa kama sunan ɗansu na fari, ba sa kallonsa ido cikin ido, ba sa yabonsa, in ya faɗi a gaban mutane ba su ne masu ɗaga shi ba. Kunya ake ce mata, kuma wanda ya fi riƙe ta shi ne ya fi mutunci. Baffa kuwa ya riƙe ta da hannu biyu. In zai aike ni sai ya ce “kai”, in zai yi maganata da wani sai ya ce “wannan”, in ina nesa ya ce a kira masa yayan Dije. Inna ma ko “kai” ɗin ba na samu a wurinta, sai dai ta fuskanci bango ta ce da an ɗebo ruwa da an kyauta, ni kuma in ɗauki tulu. Ban taɓa jin haushin wannan ba ina yaro, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari.

Ana gab da fara yaƙin basasa, na gama firamare a Roni ina jiran a kira ni makarantar horon malamai, sai na hau gawo da rani in sassabo wa shanu ganye. Reshe ya karye da ni, kaina ya bugi saiwa ta gefen hagu. Aka ɗaure da tsumma, ya warke, aka manta. Da damina ta faɗi, ran nan ina bakin rijiya na ji wani ƙauri kamar ana babbaka ƙaho, wani abu ya taso mini daga ciki zuwa ƙirji, shi ke nan abin da na sani. Daga ranar ba a ƙara zancen makaranta ba. Ba a kuma taɓa kiran ciwon da sunansa a gidanmu ba, baƙo ake ce masa. “Baƙon yayan Dije ya zo jiya,” haka za ka ji mata suna faɗa ƙasa-ƙasa.

Ku sani ni ban taɓa ganin ciwona ba. Mai farfaɗiya shi kaɗai ne ba ya nan lokacin da abin yake faruwa, dawowa kawai ya sani. Dawowar kuwa ita ce azabar. Za ka buɗe ido kamar wanda ya farka a gidan da bai taɓa kwana ba, ka ga buta ka san ta amma sunanta ya ƙi zuwa, harshe ya sha cizo, kai kamar an daka shi a turmi, ga wata kunya da ba ka san laifin da ka yi ba. Abu ɗaya ne kullum ba ya canzawa. Zan tsinci kaina kwance ta gefe ɗaya, an naɗe mayafi a ƙarƙashin kaina, an goge mini baki, ga ruwa a moɗa kusa da hannuna, kuma babu kowa. Na ɗauka Inna ce take satar jiki ta zo, wani lokacin in ce ko Dije ce. Ban tambaya ba, don wa zai so a bayyana masa yadda yake shure-shure a ƙasa?

Babba a gidanmu a lokacin Baba Umaru ne, yayan Baffa, mutum mai kirki a komai in ban da abin da yake tsoro. Shi da duk mutanen yankinmu sun yarda cewa ciwon a yawu yake, wanda ya taɓa kumfar bakin mai faɗuwa ko ya tsallaka inda ta zuba ya ɗauka. Saboda haka duk inda na faɗi sai a tara kara a ƙona wurin. In baƙon ya zo, Baffa ne mai ɗaga sanda ya ce kowa ya watse, yara da mata su kwasa a guje har bayan garke, kuma ba wanda ya taɓa waiwayowa, kowa ya ɗauka shi ma ya bi ta wata hanyar. Baba Umaru ne ya ce a ware mini kwano da moɗa. Baffa bai yi musu ba, da hannunsa ya ɗaura jan zare a kunnen kwanon don kada a haɗa wurin wanki. Wannan laifinsa ne, ba zan wanke shi ba. Maza suna cin tuwo a gindin tsamiya hannu biyar a akushi ɗaya, ni ina taku uku daga gare su da kwanona. An yi mini turare, na sha rubutu, na sha sassaƙe har daga wajen Babura, duk ban ji ɗacinsu kamar taku ukun nan ba. Na tsani Baffa a shekarun nan, na faɗa muku ƙarara, don a ganina kunyar ɗan fari ta zama masa mafaka ce kawai.

A shekarar da aka canja hannun tuƙi, lokacin kuɗin mai sun fara shigowa ana ta zuba kwalta, baƙon ya same ni kusa da murhu na ƙone a damtse. Na tafi Kazaure wurin Malam Habu disfensa. Yana wanke ƙunar ya tambaye ni yadda aka yi, na ce tsautsayi ne, ya dube ni ya ce in buɗe baki, ya ga tabon cizo a harshe. Ya ce akwai wani likita a babban asibitin koyarwa, gaba da Kano, da yake bincike a kan masu farfaɗiya, yana da na'urar da ake jona wa mutum wayoyi a ka. Ya rubuta mini takarda, ya kuma ja kunnena cewa likitan ba ya duba mutum sai an zo da wanda ya taɓa ganin faɗuwarsa daga farko har ƙarshe.

Da na kawo maganar gida bayan la'asar, Baba Umaru ya sa na karanta takardar sau biyu.

“Waya a ka?” in ji shi. “Irin wadda ake magana da Kano da ita daga ofishin En'e?”

Na ce ban sani ba, amma ina jin ba irinta ba ce.

“To da wa za su yi magana a cikin kan naka? Da baƙon? Mu da muke lallaɓa shi ya tafi, su kuma za su buga masa waya.”

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce ni dai ina neman wanda ya taɓa gani ya raka ni. Kowa ya dubi ƙasa. Dije ta ce ita tun daga ɗaga sandar Baffa take gudu. Inna daga bakin ɗaki ta gaya wa bango cewa ita ba ta taɓa gani ba, kuma muryarta ta nuna gaskiya take faɗa, abin da ya ɗaure mini kai. Baffa yana zaune yana fere bakin sandarsa da wuƙa kamar ba da shi ake ba. Na tashi na ce zan tafi ni kaɗai, in sun koro ni sun koro ni.

Na isa tashar Kazaure da hantsi, sai ga Baffa zaune a kan benci da rigarsa ta Juma'a. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba.

“Kanwa zan dubo wa shanu a Kano,” ya ce da wani mai rake da ke gefensa, wanda bai tambaye shi ba.

Kanwar da daga arewa take zuwa, a kan raƙuma take wucewa ta ƙofar gidanmu. Ya shiga gaban mota, na hau baya. Duk hanya fasinja suna ta yi wa direba tuni da dama, dama, don hannunsa bai saba ba. A Kano na sauka na nemi motar gaba, ina zama na gan shi ya shigo ya zauna can ƙarshe, yana gaya wa kwandasta an ce kanwar can ta fi ta Kano kyau. Da muka isa asibitin ya samu gindin wata darbejiya ya shimfiɗa buzunsa, ya ba ƙofar baya.

Likitan Ba'indiye ne mai furfura, da wani malamin asibiti ɗan Katsina yana yi masa tafinta. Suka shafa mini wani abu kamar kamu a fatar kai, suka manna wayoyi, suka ce in rufe ido, in buɗe, in yi numfashi da sauri. Wasu allurai suna ta zane a doguwar takarda. Likita ya daɗe yana duba ta, sannan ya ce ya ga 'yar alama ta hagu amma ba ta ishe shi ba, don ciwon iri-iri ne kuma kowanne da maganinsa. Ya ce a ƙasashen Turawa akwai inda ake buɗe kai a ɗora wayoyin a kan ƙwaƙwalwar kanta, amma su nan ba su da wannan, idon wanda ya gani shi ne babbar na'urarsu. Ya tambaye ni ta ina yake farawa, na ce ban sani ba. Yana daɗewa? Ban sani ba. Ina wanda na zo da shi? Na ce duk gidanmu gudu ake yi. Ya rufe takardata a hankali, ya ce in koma in nemo, ko maƙwabci ne. Na ji hawaye ya taho mini, ina ɗan shekara ashirin da biyu, ga ƙunar damtse tana zugi.

Sai aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Baffa ne, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Ashe ya baro darbejiyar ya dawo gindin taga. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to ranar na ga mutum ya zo wankan yana ji kamar a kashe shi.

“Malam,” ya ce da tafinta, “gaya masa ya tambaye ni.”

Aka ba shi kujera ya ƙi, ya tsuguna a ƙasa yana kallon ƙafar tebur.

“Wannan ɗin, in abin zai zo, sai ya tsaya cak, ya riƙa lasar baki kamar mai tauna goro. Hannun dama ya kama bakin riga yana murzawa. Sannan kai ya juya dama, kullum dama, bai taɓa juyawa hagu ba. Daga nan ya sandare, sai jijjiga.”

Likita ya ja takardar ya buɗe, alƙalaminsa yana gudu. Ya ce a tambaye shi minti nawa jijjigar take yi.

“Ba ni da agogo. Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha biyu ce. Sau biyu ta kai ashirin, duka biyun ya kwana bai yi barci ba wajen saniya mai naƙuda.”

Likita ya cire agogonsa ya ajiye a tebur, ya sa tafinta ya roƙi Baffa ya karanta yadda ya saba karantawa. Baffa ya karanta ƙafa goma sha biyu a gaban Ba'indiye, shi kuma yana bin allurar agogo, ya rubuta. Sannan ya ce abin da ya fi so ya sani shi ne dawowar, don a kanta yake bincikensa, kuma ba safai yake samun mai ba shi labarinta ba, mutane da zarar jijjiga ta tsaya sun gama kallo.

“Dawowar ta fi tsawo, tana cin Yasin guda. Nakan juya shi ta gefe don kada ya shaƙe, na ga haka ake yi wa ɗan maraƙi. Zai yi minshari, sannan ya buɗe ido ba ya ganin kowa. Hannun daman nan ba ya ɗaguwa sai can. Magana kuma Fillanci ke fara zuwa, ruwa yake nema, Hausa sai daga baya.”

“Ya ce ta yaya kake gane ya dawo?”

Sai da tafinta ya maimaita tambayar sannan Baffa ya amsa.

“Kiransa nake yi.”

“Ya ce me kake cewa?”

Na ga gumi yana bin wuyansa. Ɗan Katsinan nan ya san al'ada sarai, ya so ya rufa masa asiri ya amsa da kansa, amma likita ya ɗaga hannu, yana so ya ji ko kalma ɗaya ce ko magana mai tsawo.

“Ilyasu,” in ji Baffa, da wata murya da ban san yana da ita ba. “Ilyasu, Ilyasu, har ya amsa. In ya amsa sau ɗaya bai dawo ba tukuna, baki ne kawai. In ya amsa na biyu, sai in ajiye masa ruwa in tashi kafin ya gane ni.”

Wannan shi ne karo na farko da na ji sunana a bakin ubana ina cikin hankalina. Ban iya kallonsa ba, shi ma bai kalle ni ba, muka bar Ba'indiye yana ta rubutu tsakaninmu. Da ya gama ya ce yanzu ya san irin ciwon, tabon faɗowar nan ne daga gawo, ta hagu, kuma akwai ƙwayar da za ta rage shi in na riƙe ta ban yi wasa da barci ba. Sai ya ce a tambayi dattijo da me yake goge mini baki. Baffa ya ce da hannun rigarsa, in babu tsumma da tafinsa. Shekara nawa? Biyar. Shi Baffan ya taɓa faɗuwa? Baffa ya ce a'a. Likita ya ɗaga kafaɗa ya miƙa mini takardar magani.

A hanyar dawowa ma shi a gaba ni a baya, kuma ba a sayo kanwa ba. Washegari da aka kawo tuwo gindin tsamiya na ɗauki kwanona na nufi wurina. Baffa ya miƙa sanda ya jawo kwanon, ya juye tuwon cikin akushi, ya matsa ya bar gurbi a gefensa.

“Wannan ya zo ya ci,” ya ce.

Baba Umaru ya janye hannunsa. Ya ce Ba'indiye ba zai zo ya yi jinyar 'ya'yansa ba in sun ɗauka. Baffa, wanda bai taɓa mayar wa yayansa magana ba, ya ce, “Yaya, shekara biyar ina shafar yawun nan, da hannun nan nake cin tuwo da kai.” Baba Umaru ya dubi hannun, ya tashi bai wanke nasa ba. Kafin kaka ya raba garke, ya kwashi iyalinsa ya koma wajen Kanya Babba. Labari ya bazu, matan gidanmu suka yi wata da watanni suna kai nono kasuwar Roni suna dawowa da shi, don ba mai sayen nonon gidan da ake ci da mai farfaɗiya. Ɗan Baba Umaru da Dije take so tun suna yara ya bi ubansa bai waiwayo ba, kuma ina jin daga nan ne labarin ya rage rabi a bakinta, ban ga laifinta sosai ba. Baffa da yayansa kuwa, ciki ɗaya, sun ci gaba da gaisawa a wurin suna da jana'iza, amma ba su ƙara sa hannu a akushi ɗaya ba har Baba Umaru ya rasu. Baffa ya yi kukan wannan a ɓoye, Inna ce ta gaya wa bango ina wurin.

Ƙwayar ta yi aiki. Baƙon da yake zuwa sau uku a wata ya koma sau ɗaya a damina, daga baya ya ɗauke ƙafa shekaru, har na samu aikin malamin daji, na auri mahaifiyarku. Na gode wa Allah, na gode wa likitan da ban riƙe sunansa ba. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Baffa ya koma “kai” da “wannan” tun daga ranar, bai ƙara kama sunana ina ji ba har ya bar duniya, kuma wani lokaci in na haɗiyi ƙwayar da safe sai in tuna ita ce ta rufe wuri ɗaya tak da ubana yake kirana. Ban fasa sha ba, ba ni da wauta, amma na ji zafin abin.

To Hadiza, ban raina wayoyinku ba, Allah ya ƙara wa masu yin su basira, da na samu a lokacin da na miƙa kaina. Amma kada ki ƙara cewa jahili a kan mutumin da ya zauna a kaina shekara biyar yana ƙirga Ƙulhuwallahu, ya san hannun da yake fara motsi da harshen da yake fara dawowa. Ke ce 'yar farina, kuma kin tashi kina ji ina ƙwala miki kira da sunanki a gaban baƙi, har dangi suna cewa boko ya cinye mini kunya. Ba boko ba ne. Ni dai ban so ki jira sai kin faɗi kafin ki ji shi.